Gwaggo Injiniya da Filin Sai-Baɗi

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda unguwarmu da duk ma'aikatan masana'antar siminti suka sani da Injiniya. Ta rasu a asibiti bayan jinyar ciwon ƙoda da ba ta daɗe ba. Ina cikin aji yayana ya leƙo ta taga, malama ta fita suka yi magana, ta dawo ta ce in ɗauki jakata. Da na ga ba ta iya kallon idona, na gane.

Gwaggo, ke kika sa min suna Shiru-shiru, don haka kin san magana ba ta cikin abin da Allah ya ba ni. Tun ranar da aka kai ki makwancinki mutane ke ta faɗin alherinki, ni kuwa sai dai in sunkuyar da kai in kwashe kofuna. Amma akwai abin da ya faru bayanki da dole in gaya miki. Bari in fara da ke tukuna, don ke kika fi cancanta a fara da ke.

Ke kika fara lura ba na gani sosai. A gida cewa ake yi ina da yanga, wai ina ƙanƙance ido ne don a ce ni wata ce. Ke kuwa kallo ɗaya kika yi min ina duba agogon bango, washegari kika ɗauke ni zuwa wurin likitan ido. Da muka fito da tabarau a fuskata na tsaya ina kallon bishiyar bakin asibitin, ashe ganye ɗaya-ɗaya ake gani. Kika ce, "To mu tafi, Shiru-shiru, kada ki auri bishiyar mutane."

Ke ce kuma kika kama ni da littafin soyayya a cikin littafin kimiyya. Na ce a raina yau Baba zai ji. Kika karɓa, kika juya shi gaba da baya, kika tambaye ni da fuskar nan taki ta aiki, "Ya aure ta ko yaudararta ya yi?" Daga ranar kika zama abokiyar karatuna. Sai dai ke daga shafin ƙarshe kike farawa, abin da ke ƙona min rai ke nan. Kin ce injiniya ba ya shiga gini sai ya san inda ƙofar fita take.

Mijinki ya riga ki tafiya, Allah bai ba ki haihuwa ba, sai kika mai da mu 'ya'yanki, kika kuma ɗauko Kaka ta zauna tare da ke a gidan da kamfani ya ba ki a kwatas. Gida ne na ƙasa, ba matakala, ga baranda, ga asibitin ma'aikata kusa. Duk ƙarshen mako kina zaune a ƙasa, ƙafar Kaka a kan cinyarki, kina yanke mata farce, tana mita wai kin cika zurfafawa. Takalmanki na aiki suna bakin ƙofa sun yi fari fat, farar hularki ta ƙarfe tana rataye a ƙusa. Har yau in na ga buhun siminti a kan hanya sai in tuna da ke.

A barandar nan kika koya min aikinki. Akwai teburin da ƙura ke kwanta masa ko sau nawa aka goge, shi ne allonki, yatsanki ne alli. Kin ce siminti ba kamar sauran sana'o'i ba ne. Ko da za a canza abin da ake hura wutar da shi, farin dutsen da ake ƙonawa a tanderu shi da kansa yake sakin iskar kabon in ya ji wuta. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Sama take tafiya ta taru, ta riƙe zafin rana kamar bargo, duniya ta yi ta ɗumama. Maganinta, kin ce, a kafa wani babban inji kusa da bututun hayaƙi, ya bi da hayaƙin ta cikin wani ruwan magani da ke riƙe iskar, a matse ta, a tura ta ta bututu can ƙarƙashin ƙasa, cikin dutse mai ƙananan ramuka kamar soso, wanda wani dutse mai tauri ya rufe kamar murfin tukunya. Injin yana da tsada, yana kuma shan wuta kamar me. Saboda haka tambayar da aka ɗauke ki aiki ki amsa ita ce: yaushe ya kamata a kafa shi?

Sai ki ja layi biyu a kan ƙurar. Ɗaya yana gangarowa, shi ne tsadar injin, don in masana'antu suna ta kafawa, masu ƙerawa suna ƙwarewa, farashi yana sauka. Ɗaya yana hawa, shi ne harajin da hukuma ke ɗora wa duk mai sakin iskar. Inda suka haɗu, kin ce, daga nan jira ya fi gini tsada. Amma ba a bari sai sun haɗu, don ginin shekaru yake ci. Kuma tanderu ba a kashe shi don ganin dama, sai lokacin babban gyara, wanda sai an daɗe ake yi. In aka kashe shi aka gyara aka kunna ba a haɗa injin ba, an yi asarar damar, sai wani jiƙon.

Abin da ya fi ci min rai, Gwaggo, shi ne da farko ke da kanki kika ce musu su jira. Kin gaya min gaskiya ce a lokacin, injin bai nuna ba, wanda ya yi gaggawa zai sayi wahala. Suka tafa miki, suka ƙara miki girma. Suka kewaye wani fili a bayan masana'anta da waya, suka kafa ƙaton allo mai hoton koren itatuwa da shuɗin sama, a ƙasa aka rubuta shekarar da za a kammala. Da shekaru suka ja, kika sake aunawa, kika je gaban manya kika ce lokaci ya yi, babban gyara ya matso, yanzu ne. Sai suka ɗauko tsohuwar maganarki suka mayar miki. "Ai ke kika koya mana jira ya fi riba, Injiniya." Da sandarki suka doke ki.

Na tuna ranar da kike ba ni wannan labari, na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, ai kamar mutumin nan ne na cikin littattafai, mai cewa bari in gama gini, bari kaya su yi sauƙi, budurwar kuma tana zaune har ƙannenta su yi aure." Kika yi dariya har da riƙe ciki, Kaka ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Kika ce, "Naki saurayin ko ba komai yana jin kunya, in ya hango ta sai ya canza hanya. Nawa fa har hoto suke ɗauka."

Sannan kika daina dariyar. Kika ce kowace masana'anta jira take wata ta fara, ta sha tsadar, su biyo baya da araha. To in kowa yana jiran kowa, wa zai sa farashin ya sauka? Kika ce masu masana'antun ne kuma ke sa manyan riguna su je wurin hukuma su yi ta magiya a ɗaga musu ƙafa a kan harajin, sannan su dawo ofis su ce ai layukan ba su haɗu ba tukuna. Sun danne layi da hannunsu, suna mamakin bai hau ba. Iskar da suke saki cikin jiran nan kuwa ba a kansu take sauka ba, tana kan manomin da damina ta rikice masa da matar da ambaliya ta cinye wa ɗaki. Kika goge teburin da tafin hannu kika ce, "Jira yana da araha in wani ne zai biya."

Duk sabuwar shekara sai a kira mai fenti ya hau tsani, ya shafe lambar ƙarshe ta shekarar da ke allon, ya rubuta ta gaba. An yi ta shafawa a wuri ɗaya har fentin ya kumbura kamar ƙurji. Leburori suka sa wa wurin suna Filin Sai-Baɗi. Awaki ke kiwo a ciki, direbobin manyan motoci suna tsugunawa a jikin wayar. Amma in an yi baƙi daga nesa, sai a kori awakin, a raba fararen huluna, a ɗauko wani sabon shebur da ake ajiyewa don wannan kaɗai, a caka shi a ƙasa, a yi murmushi. Kin ce ramin da suka tona da shebur ɗin nan cikin shekarun duka ko kaza ba za ta binnu a ciki ba.

Bara aka yi babban gyaran. Aka kashe tanderu, aka gyara, aka kunna da shagali, ko gurbin da za a haɗa injin nan gaba ba a bari ba. Ina gidan ranar. Kin dawo da wuri, kika zauna a baranda da takalmanki a ƙafa, abin da ba ki taɓa yi ba, har Kaka ta yi miki faɗa. Bayan nan suka mai da ke wani ofis kusa da sito, mai fanka da ba ta juyawa, suka ce ofishin tsare-tsaren gaba ne. A bayan idonki suna kiranki Madam Yanzu-yanzu. Kin sani, kika ce ai gara shi da Alhaji Gobe.

Ba zan ce su suka kashe ki ba. Da na faɗi haka da kin harare ni ta saman tabarau kin ce, "Ina hujjarki?" Ciwo ne, kwana kuma ya ƙare. Abin da suka yi bayanki ne nake so ki sani.

Ana cikin zaman gaisuwa sai ga motar kamfani. Wanda ya fito jami'insu ne na hulɗa da jama'a. Ba zan ɓoye miki ba, Gwaggo, da na hango shi sai da na ce a raina ga shi nan ya fito daga littafi: dogo, saje kwance, agogo yana walƙiya, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Mai Turare na sa masa. Ya durƙusa gaban Kaka, ya fito da farin hankici ya dafe ido. Sai na lura akwai wani a bayansa da kyamara, kuma bai sauke hankicin ba sai da ya ji ƙarar ɗauka.

Ya ce kamfani ya yi babban rashi. Ya ce manya sun zauna sun yanke shawarar sa wa aikin kama iskar sunanki, za a rubuta shi a allon filin da manyan baƙaƙe, a yi taro, a gayyato 'yan jarida. Ya waiwayo ya nuna ni ya ce wannan 'yar ita za ta yaye ƙyallen, injiniyar gobe. Sannan ya sassauta murya ya ce wa Baba, "Kun san ƙa'ida, Alhaji, in ma'aikaci ya rasu gida yana komawa hannun kamfani. Amma tunda za mu zama 'yan uwa, wannan magana ba za ta taso ba. Mama ta yi zamanta."

Duk wannan na daure. Abin da ya tayar min da zuciya shi ne da ya ce, "Marigayiya ita ta koya mana haƙuri. Kullum tana cewa komai da lokacinsa, kada a yi gaggawa." A barandarki ya faɗi haka, Gwaggo, hannunsa a kan teburinki. Turaren nan da na ji daɗinsa da farko ya koma min kamar warin kwata. Na tashi da tiren kofuna na bar wurin.

Kaka ta yi murna, har da hawaye. A ganinta an girmama autarta. Baba ya san komai, don kin sha gaya masa, amma da baƙin suka tafi ya zauna ya yi tagumi ya ce da yayana, "Mu a saman bene muke haya. Ƙafar Hajiya ko dokin ƙofa da ƙyar take tsallakawa. In ce musu a'a, in kai ta ina?" Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Ina tsaye a bakin ƙofa da magana cike da bakina, na kasa furta ko ɗaya.

Sai da Asabar ta zo. Na ga Kaka tana kallon ƙafarta, na ɗauko abin yankan farcenki na zauna a inda kike zama. Da yake kaina a sunkuye yake, ba mai kallon idona, sai maganar ta fito da kanta. Na ce, "Kaka, kin taɓa ganin wurin da za a sa sunan?" Ta ce ina ta gan shi, ita da ba ta wuce bakin asibiti. Na gaya mata komai, da layukan nan biyu, da mai fenti, da ranar da kika zauna da takalma. Ban san ko ta gane zancen iskar ba. Ita dai ta ce, "Ja'ira, ashe kina da baki. Kin zurfafa, irin na uwar ɗakinki. Je ki ce wa ubanki ina so a kai ni in gani."

Mai Turare da kansa ya zo da mota, baki har kunne, ya ɗauka zuwan amincewa ne. Ni da Baba muka riƙo Kaka muka fito da ita a bakin wayar. An sare ciyawar gaba-gaba, iya inda hoto zai kama, ta baya ta kai ƙugu. Awaki suna kwance a inuwar allon. Mai fenti yana kan tsani, har ya fitar da baƙaƙen farko na sunanki, tun ba a ji amsarmu ba.

Kaka ta dogara sandarta, ta duba gabas ta duba yamma. Ta ce, "Ɗan nan, ina injin?"

Ya ce, "Yana tafe, Mama, in sha Allahu."

"Yaushe?"

"Da zarar lokaci ya yi. Masana suna kan lissafi."

"Masaniyar ai mun binne ta. Me ta ce muku kafin ta tafi?"

Ya yi murmushi ya gyara agogo, ya soma wani dogon bayani a kan halin da kasuwa ke ciki. Kaka ta ɗaga masa hannu. Ta ce ita ta haife ki, ita ta san daren da kika raba kina karatu kafin sunan nan ya zama suna, ba za ta ba da shi a rataya wa awaki su sha inuwa ba. Ta ce ranar da suka gina abin, in tana raye, su zo su roƙa.

Ya matso kusa da ita, ya rage murya yadda ya yi wa Baba. "Mama, a dai yi tunani. Ga maganar gida."

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Au, haya ce? Ai da ka faɗa tun ran nan. Ni na ɗauka gaisuwa ka zo."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Kaka ta juya wurin mai fenti ta ce ya goge ya sauko. Bawan Allah ya ce, "Hajiya, ni abin da aka ce in rubuta nake rubutawa." Ta ce to yau uwar mai sunan ce ta ce ya goge. Ya dubi Mai Turare, sannan ya tsoma buroshi a farin fenti. A mota, muna komawa, na ga Baba yana share ido da hularsa.

Ba su ɓata lokaci ba, Gwaggo. Mutanen da suka yi shekaru suna auna ranar da ta dace a kafa inji, ba su sha wahalar gano ranar da ta dace tsohuwa ta bar gida ba. Wata bai ƙare ba aka aiko karɓar makulli. Baba da yayana suka ɗora Kaka a kujerar roba suka hau da ita bene, tana ta yi musu tsiya wai sun riƙe ta kamar buhun gawayi. A ɗakinmu take yanzu, gadonta a jikin taga. Tun da ta hau ba ta sauko ba, ranar asibiti kuwa sai an nemo masu ɗauka. Wani lokaci in na ga tana leƙen titi ta tagar sai in tuna bakina ne ya hau da ita can. Na taɓa gaya mata haka, ta ce in rufe mata baki, ita ba yarinya ba ce da za a ce an zuga ta.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka. Ta faɗi gaskiya lokacin da aka tafa mata, ta faɗe ta lokacin da aka yi mata dariya, ka sa wannan a mizaninta. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanyaya mata makwanci. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ka haɗa ta da mijinta a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, ka ba mu haƙurin rashinta, ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, wadda ta binne autarta, ga Baba da ya rasa ƙanwa kuma abokiyar shawara, ga mahaifiyata da 'yan uwana, da dangin marigayi mijinta, da leburorin tanderu da suka zo jana'iza da ƙurar aiki a jikinsu suka tsaya a sahun baya. Allah ya ba mu dangana baki ɗaya.

Masu zuwa gaisuwa daga nesa, don Allah kada ku nufi kwatas, an mai da makulli. Kaka tana gidanmu, hawa na sama, ƙofar da ke hannun hagu. Matakalar tana da tsayi kuma ba fitila, ku hau a hankali. Tana son baƙi, ita ce dai ba za ta iya saukowa ta tarbe ku ba.